Wa Zai Biya Kuɗin Maganin Yaro? Tarihin Gardamar Kiwon Lafiya a Ƙasar Magariya

  

Hirarmu ta yau a kan tarihin gidan likita ce, da kuɗin magani, da gardamar da aka daɗe ana yi a kansu. Ɗan'uwa, gyara zama. Ƴar'uwa, matso kusa, don maganar ta fi shafar ki.

Ka ɗauka damina ta yi nisa, watan Agusta ya kama. Rumbu ya kusa ƙarewa, sabon hatsi bai nuna ba, sauro ya yi yawa. Cikin dare jikin ɗanka ya ɗau zafi. Da gari ya waye uwarsa ta goya shi, ta nufi gidan likita na Bande, ko na Waca, ko na Dogo-Dogo. Tana tafe tana tunanin abu guda: wa zai biya? Uban yaro ne? Gwamnati ce? Ko kuwa baƙi masu agaji?

An canja amsar wannan tambaya sau da yawa a ƙasarmu. Kuma duk lokacin da aka canja ta, sai an yi gardama tsakanin mahukunta, da talakawa, da ƙasashen waje. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. To, bari mu waiwaya.

Ƙasar da muke magana a kai

Magariya tana kudu da Damagaram, tafiyar wajen kilomita 90. Tana kan iyaka da Najeriya, kusa da ƙasar Daura da ƙasar Jigawa. A da Dungas tana cikin Magariya. Cikin 2011 aka yanke ta, ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Da aka yi ƙidayar jama'a a 2012, an samu mutum sama da 900,000 cikin gundumomin biyu. Ƙasa ce ta noma, ta hatsi da dawa da wake da gyaɗa. Jama'a ta yi yawa, gonaki sun ƙanƙance, yara ƙanana kuma su ne suka fi yawa a kowane gida. Shi ya sa duk dokar da ta taɓa maganin yara, nan ake fara jin daɗinta ko zafinta.

Zamanin Nasara da farkon ƴancin kai

A shekarar 1905 Faransawa suka kafa hukumar duba marasa lafiya ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma. A takarda, magani kyauta ne. Amma gidajen likita ƴan kaɗan ne, a manyan garuruwa irin Damagaram. Mutumin ƙauye sai ya shekara bai ga malamin likita ba, in ba masu yin lamba suka zo ba. Nasara yana son ma'aikata, da sojoji, da manoman gyaɗa masu ƙarfi, don haka ya fi mai da hankali ga annoba, kamar agana da sanƙarau. Kuɗin kuwa daga haraji suke fitowa, wato lanhon da kakanninmu suka biya. Ka ga ke nan tun farko, abin da aka kira kyauta akwai wanda ya biya shi.

Ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu ƴancin kai, Jori Hamani ya zama shugaba. Likitoci ba su da yawa, ƙasa kuma tana da faɗi. Sai aka yi wata dabara. Cikin shekarun 1960, a jihar Maraɗi, aka ce kowane ƙauye ya zaɓi mutanensa. Aka koya masu aiki na ƴan kwanaki, aka ba su akwatin magani: maganin masassara, da na ciwon ido, da na wanke gyambo. Ungozomomi ma aka koya masu tsabta wajen karɓar haifuwa da yanke cibiya. Mutanen gari suna sayen ƙwaya da araha, da kuɗin ake sake cika akwati. Daga baya wannan tsari ya bazu zuwa sauran jihohi.

Dabarar ta yi suna har waje. A 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga labarin ƙauyukan Maraɗi cikin wani littafi, don wasu ƙasashe su gani. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a garin Alma-Ata na Tarayyar Sobiyat, suka yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. Hanyar da suka yarda da ita, wato kai ƙaramin magani har ƙofar talaka, Nijar ta riga ta fara bin ta.

Taimakon waje ma ya yi rana a wancan zamani. Daga 1967 aka yi gagarumin aikin lambar agana a Afirka ta Yamma, da tallafin Amurka. Dattawa da yawa suna ɗauke da tabonta a dantse har yau. A 1980 aka yi shelar cewa agana ta ƙare a duniya baki ɗaya.

Ranar da aka ce kowa ya biya

Bayan babban farin 1973, soja suka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, Saini Kunce ya hau. Ɗaya daga cikin laifin da suka ɗora wa gwamnatin da suka kifar shi ne karkatar da abincin agaji. A ƴan shekarun da suka biyo, ƙarfen yuraniyom na Arlit ya yi daraja, kuɗi suka shigo, aka yi gine-gine. Amma da shekarun 1980 suka kama, farashinsa ya faɗi. Bashi ya yi wa ƙasa yawa. A 1983 gwamnati ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wanda ake kira FMI. Masu ba da rance suka ce sai an rage kashe kuɗi. Ga kuma farin 1984, shekarar da mutanen kudu suka sa wa suna El-Buhari, saboda Najeriya ta rufe iyakarta a lokacin.

Gidajen likita suka bushe. Sunan magani kyauta yana nan, amma maganin babu. Ka je, a duba ka, a rubuta maka takarda, a ce ka tafi ka saya.

A watan Satumba 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF. Suka ce: marar lafiya ya biya wani abu kaɗan, a tara kuɗin a gidan likita, a riƙa sayo magani mai sauƙin kuɗi, jama'ar gari kuma su kafa kwamitin da zai sa ido. A wannan shekara ce Bankin Duniya ma ya ba da shawara a riƙa karɓar kuɗi a hannun marasa lafiya.

Nijar ta fara da gwaji a 1993, da tallafin Amurka. A gundumar Say, in ka je gidan likita sai ka biya a bakin ƙofa: babba dala 40, yaro dala 20. A gundumar Boboy kuwa, kowane mai biyan haraji ya ƙara dala 40 a shekara, sannan ranar ciwo babba ya biya dala 10, yaro dala 5. A Illela ba a canja komai ba, don a samu abin gwadawa. Da aka duba, sai aka ga tsarin Boboy ya fi jawo mutane zuwa gidan likita, har da talakawa. Dalili a fili yake. Biyan kaɗan lokacin da kake da lafiya ya fi sauƙi bisa biyan mai yawa ranar da ciwo ya kayar da kai. Amma a aikace, biya a bakin ƙofa shi ne ya bazu cikin ƙasa.

Ana cikin haka, a watan Janairu 1994, aka karya darajar kuɗin sefa. Kuɗin Faransa guda da ake canjawa dala 10 ya koma dala 20. Maganin da ake sayowa daga waje ya yi tsada. A watan Yuli 1995 aka yi dokar biyan kuɗi a ƙananan gidajen likita na ƙasa.

Nan gardama ta tashi. Masu goyon baya suka ce: ai ga magani ya dawo, gara ka biya ka samu da a ce kyauta ka koma hannu wofi. Masu suka kuwa suka ce: wanda ba shi da ko dala fa? Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Magani ya samu fiye da da. Amma uwaye da yawa sun riƙa jinkiri. Sai a fara da jiƙo, a sayi ƙwaya wurin mai talla a kasuwa, a jira ko zazzaɓin zai sauka. Ba a kai yaro sai ya galabaita.

Tanja Mamadu ya hau mulki a ƙarshen 1999. Ƙasashe masu bin Nijar bashi suka yafe wani kaso, bisa sharaɗin a kashe kuɗin kan talakawa. Da irin waɗannan kuɗi aka gina ƙananan ɗakunan likita wajen 2,000 a ƙauyuka kafin ƙarshen 2007. Tafiya ta ragu, amma biya yana nan.

Shekarar 2005

Daminar 2004 ba ta yi kyau ba, fara kuma ta sauka a wasu wurare. A farkon 2005 gwamnati ta ɗora haraji na kashi 19 cikin 100 a kan madara, da sukari, da fulawa, da ruwan famfo, da wutar lantarki, don cika alkawarin da ta yi wa FMI. Ma'ana, a kan kowace dala 100 a ƙara dala 19. A watan Maris jama'a suka fito zanga-zanga a Yamai da Damagaram da Maraɗi. Aka kama shugabannin masu zanga-zangar, daga baya aka sake su, gwamnati ta janye mafi yawan harajin.

Da damina ta kama, buhun hatsi ya kai jikka 25, wani wuri ma ya wuce. Hatsi yana kasuwa, kuɗin saye ne babu. Tamowa ta kama yara, musamman a kudancin Maraɗi da kudancin Damagaram, wato inda aka fi noma. Gwamnati ta yi ta sayar da hatsi da rangwame, ta ƙi raba shi kyauta. Ita da manyan masu ba ta tallafi suna ganin rabon kyauta zai ɓata kasuwa. Ƙungiyar MSF, wadda ake kira likitoci na gari na kowa, ta ce a raba abinci kyauta, a yi wa yara magani kyauta, don mai rangwamen ma ya fi ƙarfin talaka.

Hotunan yaranmu suka cika akwatunan talabijin na duniya. A watan Agusta shugaba Tanja ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, ƙarancin abinci ne irin wanda aka saba gani. Ya zargi ƴan adawa da wasu hukumomin waje da zuzuta abin don neman kuɗi da cin ribar siyasa. A wannan wata ne aka shiga rabon abinci kyauta, kuma Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zo Damagaram ya gani da idonsa.

A shekarar, MSF kaɗai ta yi wa yara sama da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar. Tun 2005 ɗin ne ta fara aiki a Magariya. Abincin da aka yi aiki da shi, mai suna Plumpy'Nut, gyaɗa ce aka niƙa da garin madara da sukari da mai da sinadarai masu gina jiki. A Faransa aka ƙirƙiro shi. Amfaninsa shi ne uwa tana iya ba ɗanta a gida, ba sai an kwantar da kowane yaro ba. Dubi ikon Allah: gyaɗar da ƙasar Magariya ta daɗe tana nomawa ana kai wa Turai, ita ce ta dawo cikin ƴar leda tana ceton yaran Magariya.

Magani kyauta ga yara

Bayan wannan girgiza, doka ta juya. A watan Nuwamba 2005 aka ce fiɗar da ake yi wa mace don ciro jariri ta zama kyauta. A watan Afrilu 2006 aka ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, da awon ciki. Aikin ya kankama a 2007. Masu bincike na cibiyar LASDEL a Yamai sun rubuta cewa an yanke shawarar cikin gaggawa, lokacin da gwamnati ke neman tallafin Bankin Duniya. Ka lura da wannan. Bankin da ya ce a biya a 1987, shi ne kuma ya goyi bayan a daina karɓar kuɗin yara bayan shekara 19.

Uwaye suka yi ta zuwa. A 1998, cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijar, 226 ba su kai shekara 5. A 2009 adadin ya sauko zuwa 128. Wannan lissafi ya fito a 2012 cikin wata mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet. Masu binciken sun ce abubuwa da dama ne suka haɗu: magani kyauta, da ɗakunan likita na ƙauye, da gidan sauro, da ƙwayar bitamin A, da maganin tamowa.

Amma akwai inda gizo ke saƙa. Tsarin shi ne gidan likita ya yi wa yaro magani, ya rubuta takardar kuɗi, ya aika Yamai, gwamnati ta biya. Biyan ya riƙa yin jinkiri, wata da watanni, wani lokaci shekaru. Bashi ya taru har biliyoyin sefa. Gidan likitan da ba a biya ba, da me zai sayo magani? Sai aka koma rubuta wa uwaye takarda su je su saya. Inda ƙungiyar agaji take, kamar Magariya, ita ke toshe ɓarakar. Inda babu, sai haƙuri.

Zargin baƙi

Wanda ke biya yana da baki a magana. Nan ne rigima da baƙi take tasowa.

A 2007 tawaye ya sake ɓarkewa a arewacin ƙasa. Gwamnati ta zargi kamfanin Areva na Faransa da taimaka wa ƴan tawaye, ta kori shugabansa na Nijar a watan Yuli. Zukata suka cika da zato. A watan Yuli 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na MSF da ke aiki a Maraɗi. Ta ce yana ƙara gishiri a yawan yara masu tamowa, kuma ba ya bin tsarin hukuma. Ƙungiyar ta musanta. An yi ta ban baki, abin bai yiwu ba, a ƙarshen Oktoba reshen ya tattara kayansa. A Magariya reshen Suwis ne ke aiki, shi ba a taɓa shi ba.

Ran 18 ga Fabrairu 2010 soja suka kifar da Tanja, Salu Jibo ya hau. Sabuwar gwamnati ta fito fili ta ce akwai yunwa, ta nemi taimako da wuri. A shekarar aka yi wa yara sama da 300,000 maganin tamowa mai tsanani, akasari a gidajen likita na gwamnati, tare da ƙungiyoyin agaji.

Kada ka ce duk zargin da ake yi wa baƙi ƙarya ne. Ruwa ba ya tsami banza. Bari mu tsallaka iyaka zuwa Kano, inda mutanen Magariya ke zuwa fatauci da cin rani. A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke can. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo ya gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, wajen rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wani da aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya masu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, ba maganinsa ba. Gwamnatin Najeriya ta kafa kwamitin bincike a 2001, ya samu kamfanin da laifin karya ƙa'ida. A 2007 aka kai ƙara kotu. A 2009 aka yi sulhu da jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75.

Ga kuma ɗaya gefen. A 2003 jita-jita ta bazu cewa maganin rigakafin shan-inna yana hana haifuwa. Jihar Kano ta dakatar da shi. Aka yi gwaje-gwaje, aka sayo wani daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, sannan aka ci gaba da ɗigawa a watan Yuli 2004. Amma kafin nan cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe da yawa, ta gurgunta yara a Najeriya da Nijar da wasu wurare masu nisa. Sai a watan Agusta 2020 aka yi shelar cewa ainihin ƙwayar shan-inna ta daji ta ƙare a Afirka.

Ka gwada labaran nan biyu. A na farko, zargi ya kai ga bincike, bincike ya kai ga kotu, aka biya diyya. A na biyu, an tsai da rigakafi saboda zato, yara suka biya da ƙafafunsu.

Magariya da Dungas a shekarun baya-bayan nan

A 2013 aka fara ba yara maganin rigakafin masassara lokacin damina, kuma Magariya tana cikin wuraren farko. Yaro daga wata 3 zuwa shekara 5 yana sha kwana 3 a jere, kowane wata, har damina ta wuce. A 2016 aka buɗe sashen kwantar da yara a Dungas don rage cunkoso.

Duk da haka, daminar 2018 ta zo da tsanani. A watan Satumba MSF ta ba da sanarwa cewa yara 730 ne ke kwance a sashen yara na asibitin Magariya, kuma cikin wata guda kusan yara 10 ke rasuwa kowace rana. Masassara ce ta haɗu da tamowa. Da yawansu an kawo su a makare. Shekara 12 ke nan bayan dokar magani kyauta. Doka kaɗai ba ta rage nisan hanya, ba ta cika rumbu, ba ta kashe sauro.

Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki, Janar Abdurahaman Tiani ya hau. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka da Najeriya da Benin. Najeriya ta yanke wutar lantarki. Kayan magani da abincin yara masu tamowa suka maƙale a hanyar Kotonu. Tarayyar Turai da wasu ƙasashe suka tsai da tallafin da suke ba baitulmali. Sai a watan Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin. Rigimar ta manya ce, amma har ɗakin haifuwa ta shiga.

A watan Agusta 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocinta, ta ce haifuwa ta zama kyauta, daga 1 ga Satumba. A watan Nuwamba na shekarar ta janye izinin aikin wasu ƙungiyoyin agaji biyu. Ta kuma zargi jakadan Tarayyar Turai da raba kuɗin agajin ambaliya ba da saninta ba, ta nemi a binciki kuɗin. Tarayyar Turai ta musanta, ta kira jakadanta gida. A watan Fabrairu 2025 aka umarci ƙungiyar agaji ta CICR ta rufe ofisoshinta. Daga baya shugaban ƙasa ya zarge ta da hulɗa da ƴan ta'adda, ita kuma ta ce ba haka ba ne. A farkon 2025 ɗin kuma Amurka, don ra'ayin kanta, ta tsai da mafi yawan agajin da take ba ƙasashen duniya.

Abin da za mu riƙe

Ɗan'uwa, ka ji tafiyar. Kyauta a zamanin Nasara, akwatin ƙauye bayan ƴancin kai, biya a 1995, kyauta ga yara a 2006, ragin rabi a 2024. Me za mu ɗauka?

Na ɗaya, babu maganin da ba a biya ba. In ba aljihunka ba ne, harajinka ne, ko aljihun baƙo. Kuɗin baƙo yana ceton rai, mun gani a 2005. Amma yana zuwa da sharaɗi, kuma yana iya tsayawa dare ɗaya, mun gani a 2023 da 2025. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin gwamnati don kiwon lafiya. Ƙasashe kaɗan ne suka cika, kuma Nijar ba ta kai ba a shekarun da suka biyo. Duk gwamnatin da ta ce kyauta, haƙƙinka ne ka tambaya: an ware kuɗin? An biya gidan likitanmu?

Na biyu, ƙasa tana da ikon sanin abin da baƙo ke yi a cikinta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in an yi zargi, a yi bincike, a faɗa wa jama'a abin da aka gano. In kuma za a sallami mai agaji, a tanadi wanda zai karɓi yaran da ke hannunsa.

Na uku, zazzaɓin yaro ba ya jiran manya su gama gardama. Ran da jikinsa ya yi zafi, ran nan za a kai shi. A tafi da karnensa na likita. A karɓi rigakafin damina, a ba shi har kwana ukun su cika. A kwana cikin gidan sauro. In an ce ka biya, ka tambaya cikin ladabi: kuɗin mene ne? Ka karɓi takardar shaida. In an kira taron kwamitin gidan likita, ka je, ka ji nawa ya shigo, nawa ya fita.

Ga tambayoyi uku, ku tattauna a tsakaninku in kun taru:

1. A garinku, wane magani ne ake ba yara kyauta, wanne ne ake saye?
2. Tsakanin tsarin Say da na Boboy, wanne kuke ganin ya fi dacewa da manomi, kuma don me?
3. In masu agaji suka tashi gobe, me garinku ya tanada?

Nan za mu dakata. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya raya mana yaranmu, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.